"In ta Allah ta kasance, a binne ni a nan": muhawarar gurup ɗin gidanmu

Nasiru (Jamus): Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na je rakiyar wani abokin aikina Bajamushe da ya mutu, shekara 6 muna sashe ɗaya, mutumin kirki wallahi, to ƙona shi aka yi kamar yadda mafi yawansu ke yi yanzu, aka zuba tokar a wani ɗan tulu da yake narkewa a ruwa, muka shiga jirgin ruwa aka kai shi can cikin teku aka saka, matarsa ta watsa furanni shikenan aka juyo gida. Na kasa barci. Da asuba na zauna na rubuta wasiyya, in ta Allah ta kasance a nan a yi min wanka a sallace ni a kai ni ɓangaren musulmi na maƙabartar garin nan, kar wanda ya ce sai an ɗauko ni. Ni a wajena dawo da gawa gida al'ada ce kawai, wahalar da mamaci ne da ɓarnar kuɗi.

Yaya Rabi: Innalillahi. Nasiru wace irin magana ce wannan da sassafe? Ka gama ba mu labarin yadda suke ƙona mutane sannan ka ce a bar ka a hannunsu?

Nasiru (Jamus): Yaya ba wanda zai ƙona ni, wannan zaɓin mutum ne ko na iyalinsa, shi ya sa ma na rubuta na sa hannu na kai wa limaminmu kwafi ɗaya.

Yaya Rabi: Haka mutanen Siri Lanka suka ɗauka. A 2020 lokacin korona gwamnatinsu ta ce duk wanda cutar ta kashe sai an ƙona shi, musulmi ko kirista, har jariri ɗan kwana 20 suka ƙona iyayensa suna kuka, sai a Fabrairun 2021 suka janye, daga baya a 2024 suka zo suna ba da haƙuri. Haƙurin me zai yi wa wanda ya zama toka? Ƙasar da ba taka ba doka tana iya juyawa dare ɗaya.

Abba: Ai ko a nan ma akwai fa Yaya, Legas tun 2013 zamanin Fashola suka yi dokar da ta yarda a ƙona gawar wanda ya so da kuma gawawwakin da suka daɗe a mutuware ba mai su. Ni abin da yake damuna Malam Auwalu, wanda aka watsa tokarsa a teku yaya za a yi da shi ranar tashi?

Malam Auwalu: Abba wannan ba abin damuwa ba ne. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim, wani mutum cikin mutanen zamanin da, ya ce wa 'ya'yansa in ya mutu su ƙona shi su niƙe su watsa rabi a tudu rabi a teku saboda tsoron haɗuwa da Allah, aka yi hakan, Allah ya umarci ƙasa da teku kowacce ta tattaro abin da ke cikinta sai ga shi a tsaye, kuma Ya gafarta masa saboda tsoron nan nasa. Amma wannan ba izini ba ne, ƙona gawa haramun ne ba saɓani, Annabi SAW ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, ina ga wuta. Tun kan ɗan Annabi Adamu da hankaka ya nuna wa tona ƙasa binnewa aka sani.

Yaya Rabi: To Malam faɗa masa ya goge takardar nan.

Malam Auwalu: Yaya Rabi a nan kam ba zan iya ba, don asali yana tare da shi. An ce a gaggauta jana'iza. Shahidan Uhudu da danginsu suka fara ɗaukowa zuwa Madina cewa aka yi a mayar da su inda suka faɗi. Nana A'isha ma da aka ɗauko ɗan uwanta Abdurrahman daga inda ya rasu aka kai shi Makka, cewa ta yi da tana wajen da ba a binne shi ba sai a inda ya cika. Inda ban yarda da Nasiru ba shi ne cewa al'ada ce kawai. Sa'adu bn Abi Waƙƙas da Sa'idu bn Zaidu a Aƙiƙ, wani kwari kusa da Madina, suka rasu aka ɗauke su zuwa Madina, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta ɗaukewa in akwai maslaha kamar a kai shi cikin danginsa, da sharaɗin gawar ba za ta lalace ba kuma ba za a keta mata alfarma ba.

Zainab: Wannan sharaɗin shi ne maganar ai. Ni da nake aikin asibiti na san abin da ake yi wa gawar da za ta hau jirgi, ba a likkafani kawai ake naɗo ta ba, galibi sai an yanka jijiya an zuƙe jinin an ɗura sinadari don kar ta kumbura, a saka a akwatin ƙarfe a liƙe, ga takardar mutuwa ga ta ofishin jakadanci, sati ɗaya wani lokacin fiye mutum yana kwance a firji, sannan a auna shi a kilo a saka shi wajen kaya. Wallahi Yaya Rabi da kin taɓa ganin yadda ake yi ba za ki so a yi wa Yaya Nasiru ba. Mu da a Kano mutum zai rasu da asuba kafin azahar an dawo daga maƙabarta.

Yaya Rabi: Tsohon shugaban ƙasa Buhari fa? A Landan ya rasu 13 ga Yulin 2025, ranar 15 aka binne shi a gidansa a Daura, malamai nawa ne a wajen, wa ya ce an yi laifi?

Nasiru (Jamus): Shi jirgin gwamnati ya ɗauko shi kwana biyu an gama. Ni wa zai ba ni jirgi? Kuma kafin shi da sati biyu Alhaji Aminu Ɗantata ya rasu a Abu Dabi, duk Kano wa ya kai shi halin a dawo da shi? Amma Madina aka kai shi aka binne a Baƙi'a, nan gida sallar ga'ib aka yi.

Yaya Rabi: Ka haɗa Baƙi'a da Jamus? Haba Nasiru.

Kawu Sule: Na karanta duk abin da kuka rubuta. Nasiru tambaya ɗaya zan maka ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Ance kabari a can haya ake yi, gaskiya ne?

Nasiru (Jamus): Gaskiya ne Kawu. Yawanci shekara 20 zuwa 30 ne ya danganta da gari, in wa'adi ya cika iyali su sabunta su sake biya, in ba wanda ya zo sai a cire alamar a ba wani wajen. Shi ya sa Turkawa da yawa suke zuba kuɗi a asusun jana'iza duk shekara don a mayar da su gida. Kuma a jihohi da yawa sai an jira awa 48 kafin a binne, amma maganar dole sai da akwati an sassauta a yawancin wurare, ana bari a sa mutum da likkafaninsa.

Kawu Sule: To ka ji. 'Ya'yanka biyu a can aka haife su, Hausar ma da ƙyar suke yi, bayan shekara 25 wa ya tabbatar maka za su tuna su je su biya? Mahaifinka yana maƙabartar Dandolo shekara 11 kenan, duk Juma'ar da na samu hali nakan bi ta Goron Dutse na tsaya na yi masa addu'a na yi wa na kusa da shi, ba wanda ya taɓa kawo min takardar haya.

Zainab: Kawu a gafarce ni, amma namu ɗin ma mu faɗi gaskiya, maƙabartun cikin gari sun cika, masu haƙa sau nawa suke tarar da ƙashi su kautar da shi gefe su ci gaba, damina ta zo kaburbura su rufta, wasu wuraren ba katanga mutane sun yi hanya ta kai, wasu an ci gefensu da gini. Bara da muka je kai gwaggon mijina sai da mazan suka daɗe suna neman gurbi.

Kawu Sule: Haka ne 'yata, kuma laifinmu ne mu masu rai da ba ma zuwa aikin gayya. Amma ko an tarar da ƙashin, musulmi ne zai tarar ya yi bismilla ya mayar da shi cikin mutunci.

Nasiru (Jamus): A ɓangarenmu na nan ma musulmi ne suke kula Kawu, ana fuskantar da mutum alƙibla, muna zuwa ziyara da sallah. Kuma kuɗin da za a kashe a kan jirgi gara a haƙa min rijiya da shi a unguwa ko a yi wa Dandolon katanga inda ta rushe, wannan zai same ni ko ina nake kwance.

Yaya Rabi: Duk kun manta da mutum ɗaya. Hajiya. Shekara 9 kana can sau uku ta gan ka, kullum maganarta Allah ya sa kai za ka sa ta a kabari. In kuma Allah ya juya lamarin, kana so a ce mata an binne ɗanta a waya? Ba ta ga fuskarka ba, ba ta tofa maka addu'a a kan makara ba, sai dai a zauna karɓar gaisuwa a tsakar gida ba gawar da ta fita daga gidan? Ni na ga yadda maƙociyarmu ta koma da mijinta ya rasu a asibiti a Indiya aka binne shi can, ta gama takaba tsaf amma har yau in an buga ƙofa da dare sai ta miƙe.

Nasiru (Jamus): Wannan ban yi tunaninsa ba Yaya, wallahi ban yi ba.

Malam Auwalu: To ka ƙara layi ɗaya a wasiyyar, in Hajiya tana raye hukuncin yana hannunta, in ba ta nan a yi yadda ka ce. Maganar ƙonawa kuwa ka rubuta ta ɓaro-ɓaro da Jamusanci cewa ba ka yarda ba, ka ba matarka kwafi ka turo mana ɗaya.

Zainab: In dai za a tambayi Hajiya to a faɗa mata har abin da ake yi wa gawar kafin ta hau jirgi, kar a ɓoye mata.

Kawu Sule: Kar wanda ya kira ta a waya kan wannan. Ni zan je gidan bayan magariba, Rabi ki same ni a can.