Kawu na duba waya a gangaren Ngaundare, yaya zan yi masa magana?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina bin Kawuna, ƙanin mahaifiyata, a motarsa ta albasa, mu kai kaya Ngaundare mu dawo Garwa, nan arewacin Kamaru. Ran Talata mun shiga gangaren dutsen nan da ake ce wa falez, inda kwana take bin kwana, sai waya ta yi ƙara. Saƙon Orange Money ne, na tura kuɗi ta waya, mai kaya ya turo ciko. Kawu ya sunkuya yana duba ko kuɗin sun cika. Ko da ya ɗago, ga tirelar kayan Cadi a gabanmu tana sauka a hankali, saura ƙiris mu shige ƙarƙashinta. Na yi salati har muryata ta shaƙe.

Da muka sauka na ce, "Kawu, da an bar wayar nan sai mun tsaya." Ya ce tun ina goye yake tuƙi. Shi ya rene ni, ba na iya musu da shi.

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka yi masa wa'azi, ba zai ji ba. Ka karɓi aikin kawai. Ka ce, "Kawu, kawo in riƙe maka, in an kira in amsa." Girma ka ba shi ke nan. Amma ka riƙe wannan lissafin: mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 50 cikin daƙiƙa 3. Duba saƙo ɗaya ke nan, ido a rufe.

'Yar Marwa:
Mu namu masu babur ne. Sai ya cusa waya cikin hula, ya karkace kai yana ciniki, ni da jaririya a baya. Yanzu kafaɗarsa nake taɓawa in ce sauke ni nan. In biya rabin kuɗi, ya yi ta ƙunƙuni.

Na Kusiri:
Ku saya masa abin sa wa a kunne mana, magana ta ƙare.

Tsohon direba:
Ba ta ƙare ba, malam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga hatsari kusan sau 4, kuma na kunnen bai rage wani abin kirki ba. Hannu na kan sitiyari, hankali na wurin mai bashi.

Ɗan Garwa:
Baba, na gode. Jibi za mu yi lodi, zan gwada. Sai dai fa Kawu ba ya son kowa ya ga saƙon kuɗinsa.