Kwana a tanti bakin teku a Cape Coast da iyali, wa ya taɓa yi?

Baban Biyu: Salamu alaikum jama'a. Na samu hutun kwana 5 a Disamba, ina so in ɗauki madam da yara biyu, shekara 7 da 4, mu je Gana mu kafa tanti a bakin teku wajen Cape Coast, mu ga tsohon gidan tsare bayi na zamanin cinikin bayi da ke can da na Elmina sannan mu huta. Mu yi kwanakin duka a tanti ne ko mu raba da ɗaki? Kuma ya dace a shiga da yara cikin kurkukun nan?

Mai Yawo: Wa'alaikumussalam. Malam ka je gandun dajin Kakum kawai, wajen kilomita 30 ne daga Cape Coast, akwai gadar igiya a saman bishiyoyi, in ba ka hau ta ba wallahi ba ka je Gana ba.

Baban Biyu: Ranka ya daɗe da ɗan shekara 4?

Hajiyar Tafiya: Ɗan'uwa ka rufa wa kanka asiri ka kama ɗaki. Mu mun je watan Yuni ni da ƙannena, mai ba da hayar tantin ya rantse mana ruwa ba ya kaiwa inda ya kafa mana, wajen ƙarfe 2 na dare sai na ji katifa tana motsi a ƙarƙashina, ga ruwan sama ga na teku, wayata ta sha ruwan gishiri ba ta sake tashi ba, fasfo kuwa da safe a rana muka shanya su kamar wanki. Da muka nemi mutumin sai aka ce wai ya tafi gari. Washegari ƙanina ya shiga ruwa iya gwiwa, igiyar ruwa ta ja shi, masunta ne suka fito da shi. Har yau in na ji ƙarar teku a bidiyo gabana faɗuwa yake.

Ɗan Direba: Allah ya kiyaye gaba Hajiya, amma Yuni ai tsakiyar damina ce a can, shi Disamba ya ce. Maganar jan ruwa dai gaskiya ce, tekun nan ba na wasan yara ba ne.

Hajiyar Tafiya: Teku ya san Disamba ne?

Mai Yawo: Tanti fa rabin kuɗin ɗaki na biya.

Ɗan Direba: Rabi a ina? Ni da na haɗa katifa da fitila da ruwan wanka sai da ya fi ɗaki mai fanka. Wace shekara ka je tukuna?

Mai Yawo: 2016.

Ɗan Direba: To ka yi shiru yallaɓai, sidi, kuɗin Gana, na lokacin ba shi ne na yanzu ba. Kuma a ƙofar gidan bayin kuɗin baƙo daban na ɗan ƙasa daban.

Sarkin Barci: Ni na yi gum a layi don a ɗauka ɗan ƙasa ne, mai tikiti ya gaishe ni da Fante na ce masa lafiya lau 😂

Tsohon Malami: Ku bar raha ku amsa wa bawan Allah. Ka fara da gidajen tarihin, hutu ya biyo baya, don mutum ba ya fitowa daga wurin nan da zuciya sakayau. Na Elmina Turawan Fotugal suka gina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A Cape Coast abin da ya tsaya min a rai cocin da ke saman kurkukun maza, ana ibada a sama mutane na ɗaure a ƙasa, sai kuma ƙofar da in an fita ba a dawowa. Babban yaron zai iya. Ƙaramin duhu da zafin ciki za su sa shi kuka, ku yi karɓa-karɓa kai da maiɗakinka. Kada ka sa ran ganin masunta sun fita ranar Talata, ba sa shiga teku ran nan.

Hajiyar Tafiya: Baba da girmanka, amma kai a otal ka kwana ko a tanti?

Tsohon Malami: A otal 'yata.

Hajiyar Tafiya: To ka gani.

Sarkin Barci: Ni matsalata ba ruwa ba ce, abokan tafiya ne. Mu 4 muka je, ɗaya tun a mota ya ce katinsa ya ƙi aiki, kwana 3 muna ciyar da shi, kuma shi ne ya fi kowa ɗora hoto yana rubuta hutu sai da kuɗi.

Ɗan Direba: Kai naka da sauƙi, namu tantin kansa ya ara daga hannuna bayan mun dawo, shekara 2 ke nan, duk lokacin da na tambaya sai ya ce yana wurin ƙaninsa.