Tazarar saita madubin bindigar iska

A tattaunawar da masu bindigar iska suka yi a Maradi, yawancinsu sun zaɓi mita 25 zuwa 30 a matsayin tazarar saita madubin auna hari, wato nisan da harsashi zai faɗa daidai inda madubin ya nuna. Hujjarsu ita ce madubin yana zaune kimanin santimita 5 a saman bututu, don haka harsashi yakan ratsa layin gani sau biyu, yana hawa sannan yana saukowa. Mai harsashin milimita 5.5, wanda ya fi ƙaramin harsashi saurin faɗuwa, gara ya tsaya wajen mita 25. Ni dai na fi gamsuwa da dattijon da ya ce kowa ya auna nisan da yake harbin ɓeraye a bakin rumbu, ya saita a nan da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, ya yi harbi 5 da harsashi iri ɗaya kafin ya juya saitin.