Neman kalmar Hausa: yadda ake ƙidaya komawa ga aikin mai bincike

Mai gabatar da shiri, Gusau:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina haɗa shirin rediyo domin ranar 19 ga Yuni, ranar wayar da kai kan cutar sikila a duniya, kuma jibi zan miƙa rubutun. A ciki akwai bayanin Anthony Allison, wanda a 1954 ya wallafa binciken da ya gudanar a gabashin Afirka, inda ya nuna cewa masu nau'in jini na AS sun fi samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ina son masu sauraro su fahimci cewa har yau masu bincike suna komawa ga wannan aiki a rubuce-rubucensu, kuma ana ƙidaya yawan komawar. Da Turanci ana cewa "citation", sannan akwai ma'aunin "h-index". Me zan ce da Hausa?

Malamar kimiyya, Ƙauran Namoda:
Wa alaikumus salam. Ina ba da shawarar "ambato", ɗayan kuma "ma'aunin ambato". Wani masanin kimiyyar fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, shi ne ya fito da ma'aunin a 2005, kuma lissafinsa ba shi da wuya: idan mutum yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20, to lambarsa 20 ce. Shafukan intanet na neman rubutun masana, Google Scholar da Scopus, duk suna fitar da ita, amma alƙalumansu sukan bambanta, saboda haka ka faɗi inda ka ɗauko naka.

Baba Malam, Talata Mafara:
'Yata, ambato ya yi sauƙi da yawa, domin mai roƙo ma yana ambaton sunan attajiri. Wanda ya kawo aikin wani a cikin bincikensa ɗora gini ya yi a kan harsashin da aka riga aka kafa. Tun ina koyarwa nake kiran wannan abu "ɗorau", kuma ɗalibaina ba su taɓa ruɗewa ba. A ce ɗorau, a ce ma'aunin ɗorau.

Ustaz, Anka:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Muna da "isnadi" tun kafin boko ya zo ƙasar nan, kuma ma'anarsa jingina magana ga wanda ya faɗe ta. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san shi.

Baba Malam, Talata Mafara:
Isnadi Larabci ne, Malam. Kullum sai mu ranto daga gabas ko daga yamma, sai ka ce harshenmu bai iya haihuwa ba. Kuma na san abin da zai biyo baya, wato a ce sai masana a Jami'ar Bayero ko Zariya sun sa hannu kafin kalma ta zauna. Hausar Zamfara ba ta buƙatar izinin kowa.

Malamar kimiyya, Ƙauran Namoda:
Baba, ban da niyyar musu da kai, amma akwai matsala biyu. Ta farko, kalmomin da ke ƙarewa haka, irin su mantau da gagarau, mutum suke siffantawa, don haka mai sauraro zai ɗauka ɗorau shi ne mai binciken, ba aikin ba. Ta biyu ta fi nauyi: ba kowane ambato ne ɗori ba. Ana kawo aikin mutum domin a ƙaryata shi ko a gyara shi, kuma kwamfuta tana ƙidaya wannan daidai da yabo. Isnadi ma yana ɗauke da amincewa da kuma martabar hadisi, wadda bai dace a ɗora wa ƙidayar maƙalu ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gusau:
Ina roƙon a kula da wani abu kafin shirin ya fita. Mafi yawan masu sauraronka iyaye ne da ke kwana a asibiti da yaro yana kukan ciwon ƙashi. Idan ka ce an ambaci masani sau da yawa, kada ka fassara shi da cewa aikinsa ya yi "tasiri", domin a wajensu tasiri shi ne gwajin jini kafin aure, da gano cutar tun jariri yana goye, da samun maganin hydroxyurea a farashin da talaka zai iya. Aikin Allison ya bayyana dalilin da ya sa sikila ta yawaita a ƙasashen sauro irin tamu, wannan shi ya kamata a ji, ba lamba kaɗai ba.

Baba Malam, Talata Mafara:
Maganar mantau da gagarau na karɓe ta, amma ban yarda cewa ambato ya cika ma'anar ba. Tunda lokaci ya ƙure wa yaron nan, ya yi amfani da shi a wannan karo. Ni dai a rubutuna ɗorau zan ci gaba da sawa.

Mai gabatar da shiri, Gusau:
Na gode, Baba, na gode, iyayena da malamaina. Zan ce "ambato a rubutun masana", sannan in ce "ma'aunin ambato" tare da misalin maƙalu 20 da Malama ta bayar. Kalmar tasiri kuwa zan ajiye ta ga ɓangaren gwaji da magani. Abin da ya rage shi ne yadda zan kira AS da SS ba tare da an ruɗe su da rukunin jini na A, B da O ba, idan akwai mai shawara kafin gobe da yamma.