Tambaya: Ana samun furen takalmin mata a dajin Nijar?

Ɗalibi daga Yamai:
Assalamu alaikum, malamaina. Ina karatun ilimin tsirrai, kuma ina bibiyar labarin wani fure na dangin okid wanda leɓensa na ƙasa yake kumbura ya yi siffar takalmi. Shin akwai fatan samunsa a gandun dajin W ko wajen Gaya, inda ruwan sama ya fi yawa? Kuma yaya iri biyu suke haɗuwa a daji su haifi ruwa biyu ba da hannun mutum ba? Akwai mai tallarsa a intanet da ya ce zai iya aiko mini da tushensa.

Malamin makaranta daga Tawa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka wahalar da kanka, domin okid mai siffar takalmi ba ya tsirowa da kansa ko'ina a Afirka. Rukuninsa biyar ne: Cypripedium yana ƙasashen sanyi na Turai da Asiya da Arewacin Amurka, Paphiopedilum yana kudu maso gabashin Asiya, sauran ukun kuwa, ciki har da Phragmipedium, suna tsakanin Meziko da Kudancin Amurka. Idan okid kake nema a yankinmu, ka karkata ga dangin Eulophia da ke fitowa a dazukan Afirka ta Yamma.

Ma'aikaciyar gandun daji:
Abin da Malam ya faɗa haka yake. Game da ruwa biyu, ƙanena, aikin ƙwari ne irin su ƙudan zuma. Furen ba shi da ruwan zaƙi, launi da ƙamshi kawai yake jan ƙwaro da su, idan ya faɗa cikin takalmin sai santsi ya hana shi komawa ta inda ya shiga, dole ya bi wata ƙaramar kafa ta baya, inda yake goge garin furen da ya ɗauko daga wani wuri, sannan sabo ya manne masa. To, idan iri biyu suna tsiro kusa da juna kuma suka yi fure a lokaci ɗaya, ƙwaro guda zai iya haɗa su. Haka a cikin rukunin Cypripedium aka samu ruwa biyun da ake kira ventricosum a Saberiya daga nau'o'in calceolus da macranthos, aka kuma samu andrewsii a Arewacin Amurka daga candidum mai fari da parviflorum mai ruwan ɗorawa. Ba kamar alfadari ba, wannan na biyun yana iya sake haihuwa da iyayensa, shi ya sa a fili ɗaya akan ga launuka iri-iri har masana su sha wuyar rarrabewa.

Amma maganar mai tallar ce ta fi damuna. Ƙwayar irin furen ba ta da abincin da za ta tsiro da shi, sai ta dogara da wata funfuna da ke cikin ƙasar wurin, kuma yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya fara fure. Wanda aka tono daga daji yawanci mutuwa yake yi, balle a zafin Yamai na watan Afrilu. A Ingila masu tono sun ƙarar da calceolus har aka ɗauka ya ɓace a 1917, sai a 1930 aka ga tushe ɗaya tak a Yokshaya, aka shiga gadinsa tare da ɓoye wurin. A Biyetnam an bayyana Paphiopedilum canhii a 2010, cikin ɗan lokaci ƴan kasuwa suka kusa kwashe shi duka.

Malamin makaranta daga Tawa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Ƙari ɗaya, ɗana: yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijar take ciki, ta haramta cinikin Paphiopedilum da Phragmipedium da aka tono daga daji tsakanin ƙasashe. Ka tambayi mutumin takardar izini da shaidar cewa a lambu aka raini tsiron, idan ya kasa nunawa ka rabu da shi.