Sarrafa ilimi ko tattalin sani?

1/ Wata ma'aikaciyar laburaren jami'a ta tambaye ni yadda za ta faɗi "knowledge management" (wato aikin tattara abin da mutane suka sani, a adana shi, a isar da shi ga mai buƙata) da Hausa a shirin rediyo. Na ce, Hajiya, ba ni kwana biyu. Ga inda na tsaya.

2/ Da ka tambaya, "sarrafa ilimi" ke fara zuwa bakin mutane. Ni bai kwanta mini ba. Rogo ake sarrafawa ya zama garin kwaki. "Gudanar da ilimi" kuwa, mai sauraro kwamishina zai tuna, da albashin malaman firamare.

3/ Wani abokina ya kafe a kan "adana ilimi". Rabin aikin ke nan. Gaskiya ne akwai adanawa: Jami'ar Ahmadu Bello ta zuba kundayen digirinta a rumbun intanet mai suna Kubanni, a kan manhajar DSpace da aka fitar a Amurka a 2002. Amma amfaninsa sai ɗalibar da ke Sakkwato ta buɗe wayarta ta ga an riga ta yin binciken da take shirin farawa, ta ɗora daga inda aka tsaya.

4/ Akwai kuma ilimin da ba ya kan kantar littattafai. A laburaren da na yi karatu akwai wani dattijo da muke kira Baba. Ka ce masa kana neman wani tsohon kundi kan rini, ko katin jerin littattafai ba ya dubawa, sai ya ja tsani ya sauko maka da shi yana kaɗe ƙura. Da ya yi ritaya ba wanda ya zaunar da shi ya rubuta abin da ke kansa. Irin wannan masanin falsafa Michael Polanyi yake nufi a 1966, cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗa.

5/ Shi ya sa na bar "ilimi", wanda ke jan hankali zuwa aji da allo, na ɗauki "sani". Sai "tattali": uwargida mai tattalin hatsi ta san abin da ke rumbu, tana kare shi daga gara, tana kuma auno wa kowa nasa har kaka ta zagayo.

Tattalin sani.

6/ Wani malamina ya ce, "Ba za a zaci tattalin arziki kake nufi ba?" Na ce, Allah gafarta Malam, ai ana tattalin yaro, ana tattalin miji. Ya yi dariya, bai dai ce ya yarda ba. Hajiya ta ce za ta gwada ranar Laraba, ta ji ko masu bugo waya za su maimaita.