Shawarwarin da na tattara kan kare mai taurin kai

Wata ɗaya kenan da muka ɗauko kare daga gidan ajiye karnukan da ba su da masu su a nan Amurka, in na kira shi sai ya juyo ya kalle ni ya ci gaba da shinshinar shara abinsa. Da muka zauna da maƙwabta masu kiwo kusan kowa haƙuri ya fara ambata, wai kwana 3 na farko a tsorace yake, sati 3 ya fara gane tsarin gidan, sai wajen wata 3 yake sakin jiki. Bugu kam sun ce kar ma a fara, karen da ya sha wuya a baya tsoro zai ƙaru masa har ya kai ga cizo. Horo minti 5 zuwa 10 ya isa, 'yan gutsattsarin nama a aljihu, yana zama ka miƙa masa nan take. Wata dattijuwa ta ce laifinmu ne, ni na hana shi hawa kujera yara kuma suna barinsa, kuma wallahi gaskiyarta. Allurar ciwon haukan kare kuma a duba takardarsa tun ranar farko.